Kalmar "Ciwon Haƙori" Ta Yi Mana Fāɗi

Akwai wata kalma da nake so mu sake dubawa, watau "ciwon haƙori".

Hausa ba ta da talaucin sunaye a baki. Muna da fiƙa, da turame na tauna, da dasashi, da wushirya, da giɓi. Sakkwatawa su ce haure, mu Kanawa kuwa mun bar wa giwa wannan. Amma da ciwo ya zo, sai mu tattara kome cikin kalma guda. Wanda ya sha tsamiya haƙoransa suka mutu, da wanda kogo ya hana shi barci, da mai kumburin dasashi, duk bakinsu ɗaya.

Sa'ad da na je gwajin koyarwa a Karaye, na tambayi yara abin da ke kawo shi. Suka amsa baki ɗaya, wai tsutsa ce. Ban yi musu dariya ba, gama Turawa ma sun daɗe a kan wannan zato, har wani likitan Faransa, Pierre Fauchard, ya musa shi cikin littafinsa na 1728. Abin da ke faruwa shi ne, ƙwayoyin cuta suna cin ragowar zaƙi, su fid da tsami, tsamin nan ya rarake haƙori. Kanumfari yana kwantad da zogi, amma ba ya cike kogo.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini a rai, a wani ƙauye na ƙasar Rogo na gan shi. Jariri yana ta zawo, jiki ya yi zafi, idanu sun faɗa, kakarsa ta ce, "Ai haƙori ne, ɗan nan." Da aka sa wa abin wannan suna, sai hankalin gida ya kwanta, ba wanda ya yi zancen asibiti. Alhali fitowar haƙori iyakarta ƙaiƙayin dasashi da dalala da 'yar rigima. Zawo mai tsanani cuta ce dabam, tana ƙarad da ruwan jikin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Lokacin ne kawai ya zo daidai, domin wajen wata 6 yaro ke soma kai kome baki.

Saboda haka a ganina, a darasin kiwon lafiya mu hana yara cewa "haƙori ne" sai sun faɗi abin da suka gani: kogo, ko kumburi, ko zawo, ko zazzaɓi. 'Yan matan da ke ajinmu yau, su za su yi goyo nan da 'yan shekaru.