Zauren Malam: Rijiyoyi Biyu na Garin Woburn

A makaranta muna koya wa yara cewa ruwa mai kyau shi ne wanda ba shi da launi, ba shi da wari, in kuwa ana shakka sai a tafasa. Wannan gaskiya ne game da ƙwayoyin cuta. Amma akwai wata irin ƙazanta wadda wannan darasi bai kama ta ba, ita ce zancenmu na wannan wata.

Woburn ƙaramin gari ne a Amurka, arewa da birnin Boston, wanda tun dā aka san shi da jima da masana'antu. Da ruwa ya yi wa garin kaɗan, sai hukuma ta haƙa rijiyoyi biyu a bakin kogin Aberjona, ɗaya a 1964, ɗaya a 1967, ana kiransu rijiyar G da rijiyar H. Tun daga farko matan gabashin garin suka yi ta kuka, suna cewa ruwan yana wari, ba ya shawuwa. Hukuma ta auna, ta ce lafiya lau. Ba ƙarya ta yi ba bisa ga ma'auninta, gama ƙwayoyin cuta take nema, ba guba ba.

A 1972 likitoci suka gaya wa wata uwa, Anne Anderson, cewa ɗanta mai shekara 3 yana da sankarar jini. Tana kai shi asibiti a Boston, sai ta riƙa gamuwa da matan unguwarsu, kowacce da nata yaron, ciwo ɗaya. Ta ce a ranta, me muke tarayya a kai in ba iska da ruwa ba? Ba wanda ya kula da ita. Har faston ikkilisiyarsu, Rabaran Bruce Young, da fari ya ɗauka baƙin ciki ne yake sa ta faɗin haka. Amma bai kore ta ba, yakan ma kai su asibiti a motarsa, yana ji.

A watan Mayu 1979 aka tarar da durom 184 na sharar masana'anta a yashe a garin. Wannan ya sa aka sāke auna rijiyoyin, wannan karo da na'urar da ke gane sinadari. Ashe suna cike da wani ruwan wanke ƙarfe da ake kira TCE. Nan da nan aka rufe su, bayan mutane sun sha na shekara 15.

Bari in tsaya a kan TCE ɗin nan. Ruwa ne garau, mai ɗan ƙamshi, ana wanke maiƙo da shi daga jikin injuna. Ya fi ruwa nauyi, saboda haka in an zubar da shi a bayan ma'aikata ba ya tsayawa a sama. Yakan nutse cikin ƙasa, ya wuce inda ruwan rijiya yake kwance, ya zauna can ƙasa yana narkewa kaɗan-kaɗan har shekaru masu yawa. Dokar Amurka ta ce kada ya wuce kashi 5 cikin biliyan a ruwan sha. A rijiyar G an sami 267. 'Yan ajin lissafi su gwada wannan: cokalin shayi ɗaya tak ya isa ya kai ruwan durom fiye da 7,000 wannan iyaka. Ba ta baki kaɗai yake shiga jiki ba. Yana tashi kamar tururi, mai wanka da ruwan zafi ya shaƙe shi, mai tafasawa a ɗaki rufe ma haka.

Abin da fasto da uwar nan suka yi daga baya shi ya fi burge ni, domin ba ya bukatar digiri. A ƙarshen 1979 suka sa sanarwa a jarida, suka kira iyaye taro a majami'a, suka shimfiɗa taswirar gari, suka sa alama a kowane gida da aka sami yaro mai ciwon. Suka ƙirga 12, shida daga ciki a 'yar unguwa guda. Da wannan taswira suka tafi wurin likita, sa'an nan ne manya suka fara saurara. Yaron Anne ya rasu a 1981.

Iyalai takwas suka kai kamfanoni biyu ƙara a 1982. A 1986 kotu ta sallami ɗaya, ɗayan kuwa, W. R. Grace, ya biya dala miliyan 8 aka rufe maganar ba tare da ya amsa laifi ba. A 1991 kamfanoni suka yarda da aikin tsabtace wurin na kusan dala miliyan 70. Dubi bambancin: da an tara wannan ruwan wanki a durom an kai inda ya dace, da kuɗin bai kai ko kusa ba.

Binciken da hukumar lafiya ta jihar ta fitar a 1997 ya nuna ciwon ya fi kama yaran da iyayensu mata suka sha ruwan suna da ciki. A 2012 kuma masanan hukumar lafiya ta duniya suka tabbatar TCE yana kawo sankara ga ɗan Adam, musamman ta ƙoda. A Disamba 2024 gwamnatin Amurka ta fitar da dokar hana amfani da shi.

Mu nan gida, wuri biyu nake so mu duba. Na fari, durom da jarka da muke saye a kasuwa mu tara ruwan sha. Wanda ya taɓa ɗaukar sinadari, omo ba ya raba shi da shi, balle na roba da ke tsotsewa. In mai sayarwa bai san abin da ke ciki dā ba, a bar shi. Na biyu, gidan da ke makwabtaka da gareji ko wurin fenti ko wankin kwat, a lura da inda suke zubar da ruwan aikinsu, da nisansa da bakin rijiya. In za a kai ruwa gwaji, a faɗa musu a fili cewa sinadari ake so a duba, domin gwajin yau da kullum bai cika neman irin wannan sinadari ba.