Wa Ya Ba Kura Gadin Awaki?

Abin mamaki ba ya ƙarewa. Amurka, ƙasa ɗaya tilo da ta taɓa jefa wa bil'adama bam ɗin nukiliya, a Hiroshima da Nagasaki a 1945, ita ce ke zaɓen wanda ya cancanci wannan ilimi!

Yarjejeniyar 1968 ta bar bam a hannun ƙasashe biyar, wato Amurka, Rasha, Ingila, Faransa da Sin, bisa alkawarin kwance ɗamara. An haura shekara 50, ina cika alkawari? Isra'ila ta ƙi sa hannu. Da Mordechai Vanunu ya tona asirin Dimona a 1986, shi aka ɗaure shekara 18, Kwamitin Sulhu bai sa wa Isra'ila takunkumi ba. Iran kuwa ta sa hannu, ta karɓi masu bincike. Tukuicinta? Amurka ta yi watsi da yarjejeniyar 2015 a 2018, sannan ta yi wa Fordo da Natanz ruwan bama-bamai a 2025.

Matsayinmu a fili yake. Nukiliyar lantarki da magani haƙƙin kowace al'umma ce. Makamin da bai san jariri da soja ba kuwa, a hana kowa, a fara da masu dubbai. Awo da mudu biyu zalunci ne, zalunci kuwa ba ya ɗorewa.