Ja, Ɗorawa da Shuɗi: Rigar da Muke Jin Kunyar Sakawa

Ran wata Litinin ina tsakiyar shirin wasanni, wani matashi ya bugo waya daga Mamobi. Na ɗauki minti biyar ina bayani a kan wasan da Hearts of Oak ta buga ranar Lahadi, sai ya katse ni ya ce, "Haba Yaya, ka bar mana zancen waɗannan masu rigar bakan gizo, ka faɗa mana labarin Chelsea." Na yi dariya saboda muna kan iska, amma maganar ta bi ni har gida. Yaron nan an haife shi a Akra, daga ƙofar gidansu zuwa filin wasa na birnin mota ɗaya ce, amma rigar da kakansa ya yi kuka a kanta ta zame masa abin ba'a. Abin da na kasa gaya masa a rediyo shi zan faɗa a nan.

Bari mu fara da shekaru, tunda masu raina ƙwallon gida suna yawan cewa ba mu da tarihi. An kafa Hearts of Oak ranar 11 ga Nuwamba, 1911, a unguwar Ussher Town, shekara 46 kafin Ghana ta sami 'yancin kai. Chelsea da ake mana gori da ita shekara shida kacal ta ba ta, Paris Saint-Germain kuwa sai a 1970 aka haife ta. A 1957 Stanley Matthews, gwarzon Ingila na zamaninsa, ya zo Akra ya taka leda tare da Hearts. Kulob ɗin ya kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1977 da 1979, Hafia ta Gini da Union Douala ta Kamaru suka hana shi ɗauka. Zamanin Mohammed Polo ke nan, wanda har yau dattawan zango idan suka tuna yankansa sai sun gyara zama.

Sai shekarar 2000, ƙarƙashin koci Cecil Jones Attuquayefio. Hearts ta je har Tunis ta ci Esperance 2-1, ta dawo Akra ta ƙara mata 3-1, ta ɗauki kofin zakarun Afirka. A farkon 2001 ta doke Zamalek ta Masar 2-0 a Super Cup. Da aka ƙirƙiro kofin Confederation a 2004, ita ta fara ɗaukarsa, kuma a Kumasi ta karɓe shi daga hannun Asante Kotoko da bugun fenareti. Chelsea ba ta ga kofin zakarun nahiyarta ba sai 2012. To wane ne ba shi da tarihi?

Duk wannan a cikin riga ɗaya aka yi shi, mai ratsin ja da ɗorawa da shuɗi. Wasu za su ce ai launi fenti ne kawai, tufa ce da za a iya canzawa gobe. Su je su tambayi mutanen Cardiff. A 2012 attajirin Malesiya Vincent Tan, mai kulob ɗin Cardiff City, ya cire shuɗin da aka san su da shi ya maye da ja. Kulob ɗin har ya hau gasar Firimiya a cikin jar rigar, amma magoya baya suka ƙi haɗiye abin, suka ci gaba da zuwa fili da shuɗinsu suna zanga-zanga, har a Janairun 2015 mai kuɗin ya sauko ya mayar musu da launinsu. Turawan da muke kwaikwayo sun san riga gado ce. Mu kuwa mun ɗauki nasu gadon mun rataya a wuya, mun bar namu a ƙasan akwati.

Akwai abin da ya fi kofi nauyi. Ranar 9 ga Mayu, 2001, Hearts da Kotoko suka haɗu a filin wasa na Akra. Hearts ta zura ƙwallo biyu a ƙarshen wasa ta ci 2-1, 'yan kallo suka fara jifa da kujeru da robobi, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe. Mutum 126 suka mutu, da yawansu 'ya'yan zangunanmu ne. Ina yaro a lokacin, amma ban manta yadda layinmu ya yi tsit ba, da tabarmin zaman makoki da aka shimfiɗa a ƙofar maƙwabtanmu. Allah ya jiƙansu. Wasu cikin ja, ɗorawa da shuɗi suka fita daga gida, wasu cikin jar rigar Kotoko. Wanda yake yi wa rigar nan dariya ya san da rigar wa yake wasa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba zan ce ƙarya ce ba. Za a ce filayenmu sun lalace, alƙalanci babu amana. A 2018 binciken ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya nuna jami'ai da alƙalan wasa suna karɓar na goro, har aka rusa shugabancin hukumar ƙwallon ƙasa. Hearts kanta bayan kofin lig na 2009 sai da ta jira har 2021 kafin ta sake ɗauka. Za a kuma ce Michael Essien ne ya ja mu zuwa Chelsea tun da ya koma can a 2005, wato ɗanmu muka bi. Duk na yarda. Amma Essien ya bar Chelsea da daɗewa, mu muna nan zaune a gidan kallo. Kuma Essien ɗin daga ina ya fito? A Liberty Professionals ya taka leda, a gasar da muke cewa ba ta kai a kalla ba. Idan rijiya ta ƙafe, wa zai ba Turai ruwan da muke tafa wa?

Lissafin a fili yake. Kulob yana rayuwa ne da kuɗin ƙofa da cinikin riga da masu talla, masu talla kuma inda jama'a suke nan suke zuwa. Matashin da ya biya kuɗin gidan kallo sau uku a mako, ya sayi jesin gwanjo na Manchester a Kantamanto, bai taɓa sayen tikiti ɗaya ba, shi ne zai fi kowa ɗaga murya cewa Hearts ba ta iya riƙe 'yan wasanta. Da me za ta riƙe su? Ka hana doki ciyawa, sannan ka zage shi don bai yi sukuwa ba.

Laifin bai tsaya kan matasa ba, mu ma 'yan rediyo muna ciki dumu-dumu. Na duba jadawalin shirina na wata guda, na ga ina ba gasar Ingila fiye da rabin lokaci, ƙwallon gida kuma sai abin da ya rage kafin talla. Mu muka koya wa yaro sunan mai tsaron gida na uku a Landan, ba mu taɓa gaya masa wane ne Ishmael Addo ko Sammy Adjei ba. Masu riƙe da kulob su ma su ji: ratsin nan amana ce a hannunsu, kada su bari mai zanen riga ya dagula shi don neman sabon salo, kuma su sa jesi na asali a farashin da mai shayi da ɗan kamasho za su iya saya.

Ban ce kowa ya ƙona rigar Chelsea ba, ni ma ina kallon Firimiya. Ban kuma ce dole sai Hearts ba. Ɗan Kumasi ya riƙe jansa na Kotoko, ɗan Garwa ya riƙe Coton Sport, ɗan Yamai ya riƙe Sahel. Ni dai daga wancan makon na juya shirina: ƙwallon gida ne a farko, Turai ta biyo baya, wanda ya gaji ya murɗa akwatinsa. Shi kuma ƙanena na Mamobi, na saya masa tikitin wasan Hearts na gaba a Akra, yana nan wurin mai gadin tasharmu. Ya zo da rigar da ya ga dama.