Baƙon da bai yi wa masu gida kara ba



Al'ada ce a jami'o'in Amurka a gayyato marubuta su yi wa ɗalibai lacca kan bambancin launin fata da zaman tare. Galibi akan yi tafi a watse. Laccar da aka yi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst a watan Fabrairun 1975 ba haka ta ƙare ba.

Mai jawabin shi ne Chinua Achebe na Nijeriya, wanda ke koyarwa a can a matsayin baƙon malami. Ya ɗauko littafin Joseph Conrad mai suna Heart of Darkness, labarin tafiyar wani Bature a kogin Kwango, wanda malaman gidan suka daɗe suna karantarwa da alfahari. Ya nuna musu yadda aka mayar da baƙaƙen fata tamkar inuwa a bakin kogi, sai ihu da tsalle, da ƙyar aka bar su suka furta kalma kaɗan. Daga nan ya ce Conrad mai wariyar launi ne. Wani dattijon farfesa ya tare shi a fusace bayan taron.

Mu ma abin ya shafe mu, tun da 'ya'yanmu na dawowa daga lakkol da littattafan Turawa cike da jaka, kuma ba mu cika tambayarsu yadda aka siffanta kakanninsu a ciki ba.

A 1988 kamfanin Norton ya sake buga littafin Conrad, ya haɗa da laccar Achebe a cikinsa, ɗalibi ya karanta duka biyun.