Jibiya: Idan Takardar Kuɗi Ta Tsufa, Me Ya Rage Na Darajarta?

A Magama, mashigar iyakar Jibiya da ke kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, har gobe 'yan canji da "dala" suke ƙirga sefa, kowace dala sefa biyar. Kalmar gado ce daga zamanin da dalar azurfa mai hoton Maria Theresa ta Ostiriya take yawo a kasuwannin ƙasar Hausa. A wancan lokaci darajar kuɗi tana cikin nauyinsa. Yau kuwa tana cikin alkawarin hukuma, wanda ka iya sauyawa dare ɗaya.

Mazauna bakin iyaka sun sha ganin haka. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta sauya launin naira, ta kuma rufe iyakoki. A 2004 bankin BCEAO ya janye takardun sefa samfurin 1992. A farkon 2023 sauya fasalin naira ya jefa kasuwanni cikin ƙunci, har sai da Kotun Ƙoli ta tsoma baki. Ga shi kuma tun 2024 mahukuntan Nijar suna nuni da yiwuwar rabuwa da sefa. Kusan kowane canji yakan bar wasu da damin takardu a akwati, banki ya daina karɓa.

Irin waɗannan takardu suna da kasuwa ta biyu, wato ta masu tara tsofaffin kuɗi, sai dai ƙa'idarta daban ce. Misali shi ne takardar dalar Amurka mai shuɗin hatimi, wadda aka rubuta a jikinta cewa ana iya fansar ta da azurfa. Wannan dama ta ƙare a ranar 24 ga Yunin 1968. Takardar tana nan a matsayin halastaccen kuɗi, amma samfurin dala ɗaya na 1935 da na 1957 an buga su da yawa ƙwarai, shi ya sa farashinsu bai ɗara abin da aka rubuta a kansu ba sai da kaɗan. Duk wanda aka yi wa tayin irinta da sunan taska, to ya yi hattara.

Haka abin yake ga dalar Maria Theresa. Shekarar 1780 da ke jikinta ba shaidar tsufa ba ce, domin an ci gaba da ƙera ta da wannan shekara har zuwa zamaninmu. Mafi yawansu azurfar da ke cikinsu, kimanin giram 23, ita ce farashinsu.

Abin da masu tarawa ke nema shi ne ƙarancin samuwa da lafiyar takarda. Suna duba shekara, da sa-hannun jami'ai, da lambar takardar, da tambarin da ke bayyana idan an ɗaga ta a haske. Takardun fam da sule na Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, da na farko da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 1959, sun fi jan hankalinsu. Lanƙwasa, da tabon ruwa, da cin gara suna karya farashi; wanki ko guga kuma suna ƙara lalata ta.

Akwai kuma batun doka. Dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta sayar da takardun naira, kuma tsofaffin ₦200 da ₦500 da ₦1,000 suna nan suna aiki bisa hukuncin kotu na Nuwamban 2023, don haka ba kayan tarihi ba ne.

Ga ɗan kasuwar Jibiya, lissafin a fili yake. Kuɗin da ke aiki, a kai shi banki da zarar an sanar da wa'adi. Wanda aka gada daga kakanni kuwa, a adana shi a busasshen wuri, a ji farashi daga baki fiye da ɗaya kafin a rabu da shi.