Wanda Ya Raba Babur, Ya Haɗa Da Hular Kwano

Yau ba maganar kujera na zo da ita ba, maganar kawunan da za su kaɗa ƙuri'ar ce.

Duk wanda ya san Kura, Bunkure da Garun Malam ya san babur a wajenmu ba kayan ado ba ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo kanal ya shigo Kadawa da kewayenta, manomin yankin nan ya daina zaman rani. Ana girbe shinkafa a shiga tumatir, alkama, albasa da masara. Aikin da jaki da keke suka yi wa iyayenmu, yau babur ne yake yin sa. Shi ke ɗaukar buhun taki, shi ke ɗaukar injin ban-ruwa da tiyo da jarkar fetur, shi ke kai kwandon tumatir Kwanar Gafan, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ka tsaya a bakin titin Kano zuwa Zariya daidai Kura da sassafe, ko ka gangara Karfi, ka ƙirga baburan da za su wuce ka a minti goma. Sannan ka ƙirga masu hular kwano a cikinsu. Da ƙyar yatsun hannu ɗaya su ƙare.

Mu kuma da muke harkar siyasa muna da hannu a yawan baburan nan. Ba jam'iyya ɗaya ba, kowa da kowa. Ɗan majalisa ya raba, ciyaman ya raba, mai neman takara ya raba. A jera su a fili a ɗaura musu kyalle, a kira sunaye, a miƙa makulli, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Abin alheri ne, ban raina ba, yara da yawa sun yi aure da kuɗin acaɓa. Amma sau nawa kuka ga an miƙa makulli tare da hula? Sabon Boxer yanzu ya haura naira miliyan ɗaya. Hular kwano mai kyau ba ta kai kuɗin buhun taki ɗaya ba. Mai gidan da ya iya sayen babur hamsin, hula ɗari ba za ta gagare shi ba, ɗaya ta mai tuƙi, ɗaya ta wanda aka goya. Ba rowa ce ta hana ba. Babu wanda ya taɓa tambaya ne, mu da muke rubuta sunayen waɗanda za a bai wa ma ba ma sa ta a lissafi.

Bari in faɗi abin da hular take yi, don da yawa suna ɗauka ƙarfen da ke hana kai fashewa ne kawai. Ƙwaƙwalwa abu ce mai laushi, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. In kai ya daki abu ya tsaya cak, ita ba ta tsaya ba, sai ta je ta bugi ƙashin ta ciki. Nan ne jijiyoyi suke tsinkewa, jini ya taru a inda ba shi da hanyar fita. Bayan hular mai tauri yana baza ƙarfin bugun, kada ya taru wuri ɗaya. Farin soson nan mai tauri da ke ciki kuwa, shi ne asalin hular: yana murƙushewa ya shanye bugun, kai ya tsaya a hankali maimakon lokaci guda. Wanda yake gudun kilomita 50 a awa ya je ya daki kwalbati ko simintin gefen kanal, daidai yake da wanda ya faɗo daga sama mita goma, kusan bene mai hawa uku. Kuma kun san yaranmu, 50 ɗin nan a wajensu ai ba a fara tafiya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato 'yan bayanmu kenan, masu liƙa fosta da masu cika mana taro. Binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna hular da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, mummunan rauni a kai kuma da kusan kashi 70.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne raunin kai yana da yaudara. Yaro zai faɗi, ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce ba komai, har ya tayar da babur ɗinsa ya koma gida. Bayan awa biyu ko uku ya fara ciwon kai, ya yi amai, ya ce barci yake ji. A ce a bar shi ya huta. Jini ne yake taruwa a ciki. Karayar ƙafa muna da mai ɗori, in ta gagara a tafi Asibitin Ƙashi na Dala. Kai ba shi da mai ɗori. Sai an nemi mota an shiga Kano, an yi hoton ƙwaƙwalwa, an samu likitan da ya san aikin a Asibitin Malam Aminu Kano ko Murtala, in an isa da sauran numfashi kenan. Don Allah duk wanda ya bugi kansa, ya suma ko da na minti ɗaya ne, ko ya fara amai, ko maganarsa ta rikice, a kai shi asibiti a take, kada a jira safiya.

Mu shugabannin matasa mu ne wayarmu take ƙara in abu ya faru. "Shugaba, wane ya faɗi a hanyar gona, ana neman kuɗin hoto." Sai a buɗe karo-karo a WhatsApp, wannan dubu biyu, wancan dubu biyar, a bi gidajen manya ana sallama. A ƙarshe a jinginar da gona, ko a sayar da shinkafa tun tana ɗanya a farashin wulaƙanci. Wani ya rayu amma bai koma daidai ba, hannu ya shanye ko magana ta tafi, matarsa da 'ya'yansa su koma wuyan tsohon da shi ma ake ciyarwa. Kuɗin da ake tarawa a irin wannan karo-karo guda ɗaya ya isa ya sayi hula ga duk 'yan acaɓar tasha guda.

Na san amsoshin da za a ba ni a ƙasa, na sha jin su a majalisa.

Za a ce zafi. Gaskiya ne, a watan Afrilu hular nan ba daɗi. Amma Biyetnam ma ƙasar zafi ce da gumi, ƙasar manoman shinkafa irinmu, babur kuma ya fi namu yawa nesa ba kusa ba. Ranar 15 ga Disamba 2007 dokar hula ta fara aiki a duk hanyoyinsu, cikin ɗan lokaci fiye da kashi 90 na masu hawa suna sawa. A Kigali ta Ruwanda ɗan acaɓa da hula biyu yake yawo, ba ka hawa sai ka sa. Akwai hula mai buɗaɗɗiyar fuska da ramukan iska, wadda aka yi don ƙasashe masu zafi. Ita ce ma ta fi dacewa da mu, don ana ganin fuskar mutum, ba a ba jami'an tsaro dalilin zargi ba.

Za a ce ƙazanta, hular da kowa ya sa. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Amma yawancinmu da hula muke fita, mata da ɗankwali da hijabi. A ɗora ta a kan ƙaramar hula ko ƙyalle mai tsabta, a riƙa shanya ta a rana.

Za a ce ajali in ya zo hula ba ta hanawa. Haka ne, babu mai ja. Amma mutumin da yake faɗin haka shi ne yake fesa wa tumatirinsa magani tun kafin tsutsa ta shiga, shi ne yake kwana a bakin kanal kada a karkatar masa da ruwa, shi ne yake sa wa babur ɗin kansa kwaɗo biyu da sarƙa. Babur yana da kariya, mai babur ba shi da ita. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa ana ɗaure raƙumi ne sannan a yi tawakkali. Zan so limamanmu na Juma'a su ba wannan magana minti biyar a huɗuba, ta fi rubutuna isa inda ake so.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba, shi ne kunya. Yaro yana tsoron a ce masa matsoraci, ko a tambaye shi ko Legas za shi. Wannan ita ce babbar matsalar, kuma ita ce wadda ba kuɗi take buƙata ba.

Wani zai ce ai akwai doka, gwamnati ta tilasta mana. An gwada. Ranar 1 ga Janairu 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ta fara kama marasa hula a duk Najeriya. Masu shekaruna sun tuna abin da ya biyo baya. Farashin hula ya yi tsalle, 'yan acaɓa a Kano suka kifa ƙwarya da robar fenti a ka, har kafafen labarai na duniya suka ɗauka ana dariya. Jita-jita ta bazu cewa ana sa asiri a cikin hula, fasinja suka ƙi sawa. Bayan ɗan lokaci kowa ya watsar. Sai a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka hana acaɓa a cikin birni, Adaidaita Sahu ta karɓi aikin. Daga nan mutanen birni suka manta da maganar hula kwata-kwata. Mu a karkara babur yana nan, ya ma ƙaru, amma masu tsara doka ba sa ganinsa daga tagar ofis.

Abin da na fahimta daga 2009 shi ne an fara da kamu kafin a kawo hula da bayani. Talaka kuwa in abu ya zo masa da tara, hanyar kauce masa yake nema. Shi ya sa ba na kiran a zuba jami'ai a hanyar Bunkure su tare manomi da buhun taki a baya. Mun san inda wannan yake ƙarewa, ɗari biyu a tafin hannu, kai yana nan a buɗe. Inda ya kamata a fara shi ne inda babur yake fitowa: hannun mai rabawa, shagon mai sayarwa, da mai bayar da babur a biya shi kaɗan-kaɗan. Shi wannan na ƙarshen ma ai don kansa ne, in yaron ya kwanta wa zai cika masa kuɗinsa? Ƙungiyoyin 'yan acaɓa suna iya hana mutum lodi in bai biya kuɗin tasha ba, to suna iya hana shi in babu hula. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da suke tara kuɗin gyaran kanal su ma suna iya sayo ta da yawa a sari, manomi ya biya bayan girbi.

A kula kuma, ba kowace hula ce hula ba. Ta masu aikin gini ba ta babur ba ce, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama. Wadda ba ta da farin soson nan a ciki roba ce kawai. Wadda ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba, ita za ta riga ka isa ƙasa. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta ko da ba ta tsage ba, sai a canja.

Sauran jiki ma yana da hakki. Silifas ba takalmin babur ba ne, yatsu nawa aka bari a kwalta saboda shi. Gilashin hula ko tabarau yana tare ƙwarin da suke tasowa daga shinkafa da magariba, da ƙurar hunturu, da ƙaiƙayin da iska ke kwasowa inda ake shanya a gefen titi. Ƙwaro ɗaya a ido ya isa ya jefa mutum kanal. Masu fita ban-ruwa da asuba ko dawowa da dare, ku gyara fitilar baya, ku sa riga mai ƙyalli, direban tirela a kan titin Zariya ba ya ganin baƙar riga sai ya zo kanta. Iyayenmu mata da ƙannenmu, a tattare hijabi da zani kafin a tashi, taya tana cafke su ta fizgo mutum ta baya. Kuma a daina ɗora yaro a kan tanki alhali an goya uku a baya.

Sai maganar da ta fi shafarmu kai tsaye, ranar taro. In za a tarbo mai gida daga Kwanar Dangora ko a raka shi gari, mu ne muke tara yara da babura, mu ne muke raba kuɗin mai. Muna kallo suna ɗaga tayar gaba, suna tsayuwa a kan sit, uku-uku huɗu-huɗu, wasu ma ba a hayyacinsu suke ba, mu kuma muna ɗaukar bidiyo muna cewa taro ya yi taro. Haba jama'a. In ɗaya ya faɗi, ayari ba ya tsayawa. Washegari a tura wakili da ambulan ya yi ta'aziyya. Uwar yaron ba ta da jam'iyya daga ranar.

Muna buga riga, muna buga hula ta yadi, muna buga fosta da ruwan sama zai wanke a sati ɗaya. A cire wani abu daga kuɗin a sayi hular kwano, in ana so a yi mata fentin kalarmu a liƙa hoton ɗan takara, ba ni da matsala da wannan, za ta fi fosta daɗewa a gari. Mu shugabanni mu fara sawa, don in ƙaramin yaro ya ga shugabansa da ita, mai yi masa dariya zai rasa bakin magana.

A zamanmu na matasa mai zuwa zan kawo shawara biyu a rubuce. Duk jerin sunayen rabon babur da zai bi ta hannunmu, mu rubuta hula biyu a gefen kowane suna kafin mu miƙa wa mai gida. Kuma ranar taro, mai babur ɗin da ya zo babu hula ba shi da kuɗin mai. Shugabannin mazaɓu na Kura da Bunkure, ku zo da adadin masu babur na mazaɓunku, mu san hula nawa muke nema.