Ladan kuturu: cinikin da Kiristocin Amurka masu bishara ke sake dubawa

Charles Colson ya san yadda ake sanyaya baƙon da ya zo fada da ƙorafi. Daga 1969 zuwa 1973, lokacin da yake mai ba Shugaba Richard Nixon shawara na musamman, ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne jawo shugabannin ƙungiyoyi su tsaya a bayan gwamnati. Dabarar ba ta da wuya. A gayyato mutum fadar White House, a karrama shi da abinci, a zagaya da shi, wani lokaci a fita da shi shan iska a jirgin ruwan shugaban ƙasa, sannan a shigar da shi ofishin mai gida su gaisa. Bayan Colson ya rungumi addini hannu bibbiyu, ya kuma yi wata bakwai a gidan yari a shari'o'in da suka biyo bayan badaƙalar Watergate, sai ya tona asirin sana'arsa a rubuce. Ya ce a cikin duk waɗanda aka yi wa wannan tarba, babu masu saurin sakin jiki kamar shugabannin addini. Mutum zai iso yana cika yana batsewa, amma da zarar ya taka dardumar ofishin, sai muryarsa ta yi laushi.

Duk hadimin da ya taɓa tsara jerin baƙin mai gidansa ba zai yi mamakin wannan labari ba. Abin da ya sa ya cancanci a sake waiwayarsa shi ne muhawarar da ke gudana yau a tsakanin Kiristocin Amurka da ake kira Ebanjelikal, wato masu bishara, musamman fararen fata masu ra'ayin mazan jiya. Su ne masu ɗaukar Littafi Mai Tsarki a matsayin hukunci na ƙarshe, masu jaddada tuban mutum shi kaɗai da wajibcin yaɗa bishara. Aƙidarsu ba baƙuwa ba ce a Najeriya, domin daga irin wannan tushe ne mishan ɗin SIM ya fito a 1893, wanda daga baya ya haifar da cocin ECWA. Kusan shekara hamsin ke nan da suka ɗaura aure da jam'iyyar Republican, yanzu kuma wasu daga cikinsu na tambayar ko auren ya biya sadakinsa. Hujjojin da ke ƙasa suna nuna cewa masu tambayar suna da gaskiya.

Ba haka aka fara ba. Bayan shari'ar Scopes ta 1925 a jihar Tennessee, inda jaridu suka mai da masu adawa da koyar da ka'idar juyin halitta abin dariya, da yawa daga cikinsu sun ja jiki daga fagen siyasa, suka koma gina makarantu da gidajen rediyo. Ko a 1976, ɗan Democrat ne, Jimmy Carter, mai koyarwa a makarantar Lahadi ta cocin Baptist, ya fara sa Amurkawa suka saba da jin ɗan takara yana cewa an sake haifarsa cikin imani. Juyin ya zo ne a 1979, lokacin da Fasto Jerry Falwell da dabarun 'yan siyasa irin su Paul Weyrich suka kafa ƙungiyar Moral Majority. Fushi kan hukuncin Kotun Ƙoli na 1973 da ya halatta zubar da ciki, da yunƙurin hukumar haraji na janye rangwame daga makarantun Kirista masu wariyar launin fata, su ne suka zama makamashin wutar. A watan Agustan 1980 Ronald Reagan ya tsaya gaban dubban fastoci da mabiyansu a birnin Dallas, ya ce ya san ba za su iya mara masa baya a hukumance ba, amma shi yana mara musu. Tun daga ranar ƙuri'ar ta samu gida.

Adalci ne a faɗi abin da cinikin ya kawo. A 2016 kashi 81 cikin 100 na fararen masu bishara sun zaɓi Donald Trump, kamar yadda ƙididdigar bakin rumfa ta nuna, kuma kusan takwas cikin goma ne suka sake zaɓensa a 2024. Shi ma ya biya. Ya naɗa alƙalai uku a Kotun Ƙoli, Neil Gorsuch da Brett Kavanaugh da Amy Coney Barrett, waɗanda da ƙuri'unsu aka rushe hukuncin 1973 a ranar 24 ga Yunin 2022. Ya mayar da ofishin jakadancin Amurka a Isra'ila zuwa birnin Ƙudus a 2018. Masu kare wannan hanya suna cewa shugaban ƙasa ake zaɓa ba fasto ba, kuma wanda ke ganin ana kashe rayuka a ciki ba shi da damar tsayawa yana duba tsabtar hannun mai taimakonsa. Suna ƙara da cewa baƙaƙen fata masu zuwa coci su ma sun jima suna zuba ƙuri'arsu ga Democrat, ba tare da an tuhume su da sayar da addini ba. Wannan hujja ce mai nauyi, ba ta kamata a yi watsi da ita ba.

Sai dai idan aka auna nasarar da mizanin da su da kansu suka kafa, lissafin bai fita ba. Wata biyu ba a cika ba da hukuncin 2022, masu zaɓe a Kansas, jihar da Republican ke da ƙarfi, suka yi fatali da gyaran tsarin mulki da zai ba da damar hana zubar da ciki, da rinjayen kusan kashi 59 cikin 100. Kentucky ta bi sahu a wannan shekarar, Ohio kuma a 2023. Cibiyar Guttmacher ta ƙiyasta cewa zubar da cikin da aka yi a Amurka a 2023 ya haura miliyan 1, adadin da ya zarce na kowace shekara cikin fiye da shekara goma. An ci nasara a kotu, an sha kaye a zukatan maƙwabta. Da jam'iyyar ta ga batun na neman cinye mata zaɓe, sai ta cire kiran haramta zubar da ciki a faɗin ƙasa daga kundin manufofinta na 2024, karo na farko cikin shekara 40. Wasu shugabannin coci sun yi gunaguni, amma ƙuri'ar ba ta motsa ba. 'Yan siyasa sun riga sun san ba ta da wurin zuwa, kuma ba a lallashin wanda ba shi da inda zai tafi.

David Kuo ya ga wannan da idonsa. Shi ne mataimakin daraktan ofishin da George W. Bush ya kafa a 2001 don tallafa wa ƙungiyoyin addini masu hidimar talakawa. A littafin da ya wallafa a 2006 ya bayyana cewa daga cikin dala biliyan 8 da aka yi alƙawari lokacin kamfe, ɗan abin da ya fito bai taka kara ya karya ba, kuma wasu manyan hadiman fadar kan rungumi shugabannin bishara a bainar jama'a, su yi musu ba'a bayan sun fita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuo ya shawarci 'yan'uwansa su yi azumin siyasa na shekara biyu, su ci gaba da kaɗa ƙuri'a amma su mai da ƙarfinsu da dukiyarsu ga talakawa. Ba a saurare shi ba.

Babbar asarar ma ba a majalisa aka yi ta ba. A 1998, lokacin da badaƙalar Bill Clinton da Monica Lewinsky ta cika gari, babban taron Southern Baptist, ɗarikar Furotesta mafi girma a Amurka, ya zartar da ƙuduri cewa halin shugaba a ɓoye ba ya rabuwa da cancantarsa ta mulki. A 2011 cibiyar bincike ta PRRI ta gano cewa kashi 30 cikin 100 kacal na fararen masu bishara ne suka yarda cewa jami'in da ya aikata alfasha a rayuwarsa ta sirri zai iya riƙe amanar ofis. Zuwa 2016 adadin ya tashi zuwa kashi 72. Babu sabon nassin da ya sauka cikin waɗannan shekaru biyar. Ɗan takara ne ya canza, sai aƙida ta bi shi. Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin ya kai har ranar 6 ga Janairun 2021, lokacin da duniya ta ga gicciye da tutoci masu ɗauke da sunan Yesu a cikin taron da ya kutsa ginin majalisar dokoki.

'Ya'yansu suna kallo. Binciken cibiyar Pew ya nuna cewa Amurkawan da ke kiran kansu Kiristoci sun ragu daga kashi 78 cikin 100 a 2007 zuwa kashi 62 a binciken da ta kammala a 2024, yayin da marasa addini suka tashi daga kashi 16 zuwa 29. Southern Baptist, wadda ke da mambobi fiye da miliyan 16 a 2006, ta sauko ƙasa da miliyan 13 a 2023. Siyasa ba ita kaɗai ce sanadi ba, domin coci-coci masu sassaucin ra'ayi su ma suna raguwa, wasu ma fiye da haka. Amma masana zamantakewa irin su Michael Hout da Claude Fischer, sannan Robert Putnam da David Campbell, sun nuna cewa matasa da yawa sun guje wa addini ne saboda sun ɗauke shi reshen wata jam'iyya. Ga mutanen da suka ce babban aikinsu a duniya shi ne jawo rayuka, wannan hasara ce da kujerun alƙalai ba za su rama ba. Billy Graham, wanda kusancinsa da Nixon ya zame masa tabo, ya faɗa wa mujallar Christianity Today a 2011 cewa da zai sake rayuwa da ya nisanci siyasa.

To, mece ce mafita? Hanyoyi biyu ne suka fi ƙara a yanzu, kuma kowace na da rami. Akwai masu cewa a ƙara matsa lamba, a ayyana Amurka ƙasar Kirista, doka ta tilasta abin da wa'azi ya kasa. Wannan ƙara wa mara lafiya ne maganin da ya kwantar da shi. Akwai kuma masu cewa a tattara komatsai a koma cikin coci kamar bayan 1925. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin mai imani ɗan ƙasa ne, kuma haraji da makaranta da asibiti ba sa tsallake ƙofar gidansa don ya rufe ta.

Amsar da ta fi ƙarfi tana cikin tarihinsu. Nasarorinsu mafi ɗorewa sun zo ne a lokutan da suka bi batu, suka haɗa kai da waɗanda ba su sha inuwa ɗaya ba. Dokar 'yancin addini ta ƙasa da ƙasa ta 1998 ta fito ne daga haɗin gwiwarsu da Yahudawa da Katolika da wasu, Majalisar Dattawa ta amince da ita ba hamayya, Clinton ɗan Democrat ya sa hannu. Dokar yaƙi da fataucin mutane ta 2000 ta haɗa su da masu fafutukar 'yancin mata. Shirin PEPFAR na yaƙi da cutar ƙanjamau, wanda Bush ya sanar a 2003 da dala biliyan 15, ya samu shiga ne da goyon bayansu, kuma an ƙiyasta ya ceci rayuka kusan miliyan 25. Ƙungiyar Prison Fellowship, wadda Colson ya kafa a 1976 bayan fitowarsa daga kurkuku, tana cikin waɗanda suka tura dokar sassauta wa fursunoni ta 2018, wadda sanatoci 87 suka amince da ita. A duk waɗannan, babu jam'iyyar da ta ɗauka cewa suna aljihunta, shi ya sa kowace ta saurara.

Muhawarar ba ta tsaya a Washington ba, ta iso har Abuja. A ƙarƙashin waccan doka ta 1998 ne aka sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da take 'yancin addini a Disamban 2020, aka cire ta a Nuwamban 2021, Trump ya mayar da ita a ƙarshen Oktoban 2025 bayan matsin lamba daga 'yan majalisa da ƙungiyoyin da ke dogara da ƙuri'ar masu bishara. A Janairun wannan shekarar ta 2025 kuma gwamnatin da suka zaɓa ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, har Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta ware kuɗin gaggawa don sayen magungunan ƙanjamau. Wasu ƙungiyoyinsu sun ɗaga murya don kare PEPFAR, Majalisar Dattawa kuma ta ceto dala miliyan 400 daga yankan da aka shirya yi wa shirin. Amma muryar ba ta kai ƙarfin da ake ji idan batun ya dace da abin da jam'iyya ke so ba. Majinyacin da ke layin karɓar magani a Makurdi ko Jos, wanda sau da yawa Kirista ne ɗan'uwansu, yana da haƙƙin tambayar dalili.

Gyaran da ake bukata ba ya neman kowa ya sauya aƙida ko ya koma wata jam'iyya. Yana neman fasto ya iya tsawata wa shugaban da ya zaɓa da irin muryar da yake tsawata wa wanda bai zaɓa ba, mumbari ya daina zama dandalin kamfe, a kuma yarda cewa akwai ɗan takarar da za a hana ƙuri'a ko da tutar gida yake ɗauke da ita. Wannan na da tsada. Russell Moore, wanda ya shugabanci sashen manufofin jama'a na Southern Baptist, ya soki Trump tun 2016, ya sha matsin lamba har ya bar kujerarsa a 2021. Duk mai son bin sawunsa ya san katin gayyata zuwa fada zai daina zuwa. Colson, wanda ya taɓa rubuta irin waɗannan katuna da hannunsa, ya riga ya faɗa musu abin da ake saye da su.